Keken da Baba Ƙarfe Ya Yanka

Shi ya ƙera keken da hannunsa. Lokacin da ciwon shanyewar jiki ya kayar da matarsa a bakin murhu, ya tafi da ƙafarta ta hagu haɗe da hannun, a asibiti aka ce a nemo mata keken guragu. Baba Ƙarfe ya je ya duba waɗanda ake sayarwa. Ya girgiza ɗaya, ya ce wannan gwangwani ne, ba zai ɗora uwar 'ya'yansa a kan gwangwani ba. Ya koma shagonsa na walda ya zaɓi bututu mai kauri. Ya karɓi ƙafafun keke wurin maƙwabcinsa Mai Faci. Ya auna faɗin ƙofar ɗaki, ya auna ƙugun matar, wadda kowa ke kira Mama, da igiya tana zaginsa. Auta, 'yarsu da ke ɗinki, ta yi wa mazaunin soso da riga.

Keken ya fito baƙi, mai nauyi, yana kuka ƙii-ƙii a ƙafar dama. Mama ta hana a sa masa mai. Ta ce kukan ne ke gaya wa 'yan unguwa ta fito.

Ciwon ya ɗauke mata rabin jiki amma ya bar mata harshe. Kullum da safe Baba Ƙarfe zai tura ta daga gida zuwa inuwar shagon, ya sa dutse a bayan taya, ya shiga aikinsa. Ita kuwa ta zauna tana mulkin titi. Ta san wadda ta samu ciki kafin mijinta ya sani. Ta san direban da ya sha. Mai Faci yana zaune a gefe cikin tayoyinsa, tana kiransa mai sayar da iska, shi yana kiranta Sarauniyar Keke. Haka suka yi shekaru.

Baba Ƙarfe dattijon ikkilisiya ne. Ba mai yawan magana ba ne, ko a addu'a. Yana roƙon Allah kamar yadda yake magana da mai kawo masa ƙarfe: ga abin da nake so, ka san inda nake. Kuma kowace safiya ta Allah abu ɗaya yake roƙo, Mama ta tashi.

Sai aka kawo baƙon mai wa'azi cocinsu, aka yi taron addu'ar warkarwa da yamma. Aka tura Mama gaban bagade. Baƙon ya ɗora mata hannu a ka, mawaƙa suna waƙa, mata suna kuka. Ya ce ta tashi cikin sunan Yesu.

Ta tashi. Wannan ba ƙarya ba ne, duk wanda ke wurin ya gani. Ta dafa hannun keken da hannunta mai lafiya, ta miƙe, ƙafar da ta mutu ta ja ƙasa ta biyo 'yar'uwarta. Ta yi taku, ta ƙara, sannan matan zumuntar coci suka rungume ta. Coci ya kaure da ihu. Baba Ƙarfe bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon keken da babu kowa a ciki.

Ya kama keken ya tura shi waje. Mutane suka bi shi har shago suna waƙa. Ya kunna injin yankan ƙarfe, ya sa tabarau, tartsatsi ya tashi. Ya raba mazauni da jingina, ya raba hannuwa da ƙafafu, ya zubar da su a kusurwa. Da ya kashe injin sai ya juyo ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa a gaban jama'a.

"Wanda Allah ya tayar ba ya komawa keke. Ku shaida."

Suka ce amin. A lokacin Mama tana cikin motar coci ana kai ta gida. Ba wanda ya tambaye ta.

Washegari ƙafar ba ta amsa ba.

Ya ɗaga ta daga gado, ya rataya hannunta a wuyansa, ya ce, "Tashi, cikin sunan Yesu." Ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta fito. Gwiwar ta lanƙwashe kamar tsumma. Ya mayar da ita kan katifa.

"Gajiyar jiya ce," in ji shi.

"Wataƙila," in ji ta. "Amma dai na ci riba. Tun ina amarya ba ka rungume ni haka ba."

Bai yi dariya ba. Ya tafi shago shi kaɗai. Dutsen da yake tare taya yana nan a inuwa. Ya ture shi da ƙafa.

Kwanaki suka bi juna. Kullum sai ya ɗaga ta, kullum gwiwar ta lanƙwashe. Ya shiga azumi. Masu zuwa taya murna suka fara tsayawa a bakin ƙofa su gaisa su koma, daga baya suka daina zuwa. Baƙon mai wa'azi ya riga ya wuce wani gari. Mama tana kwance a ɗaki mai taga ɗaya, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo.

Fasto ya zo. Yaro ne a idon Baba Ƙarfe, don shi ya riƙe masa ruwa ranar da aka yi masa baftisma. Ya yi wa Mama addu'a, ya fito tsakar gida, ya zauna a kan benci yana murza hannuwa.

"Baba Dattijo, ina ganin a mayar da keken."

"Fasto, ka ga ta tashi ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

"Wa ya tashe ta?"

"Allah."

"To Allah yana ba da kyauta ya dawo ya karɓe?"

Fasto ya dubi ƙasa. Ya ce akwai abubuwan da shi ma bai gane ba. Ya ce Allahn da ke warkarwa shi ne ya ba mutum hannun ƙera keke, ba kunya ba ce a zauna a kan abin da Allah ya tanada ana jiran sauran.

"Jira a cikin keke ba jira ba ne," in ji Baba Ƙarfe. "Sallamawa ce. Na faɗa a gaban jama'a. In na mayar da shi, na ce wa Allah ka yi ƙarya. Ka sha ruwa, Fasto, rana ta yi."

Fasto ya sha ruwa ya tafi.

Auta ce ke yi wa Mama wanka kafin ta tafi shagon ɗinki. Wata safiya ta fito daga ɗakin da tawul a kafaɗa, ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Baba, bayan Mama ya yi ja. Ƙasan ƙugu, inda take kwanciya a kai."

"Ki shafa mai."

"Na shafa. Ba mai take so ba, tashi take so daga gadon nan. Wata a zumunta ta ce za ta ara mana keken surukarta da ta rasu."

"Ba zai shigo gidan nan ba."

"Baba…"

"Na gama."

Ba ta ji ba. Da yamma ta turo keken aro har ƙofar gida. Ya same ta tana ƙoƙarin haye dokin ƙofa da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya kama keken, ya juya shi ya fuskanci titi, ya ce ta mayar wa masu shi ta yi godiya. Auta ta tura shi tana kuka, mutanen layi suna kallo. Daga cikin ɗaki Mama ta ji komai.

Mai Faci ne ya ɓata sauran abin, ba da nufi ba. Ya shigo shagon aron guduma, ya tsuguna a kusurwa yana juya guntayen keken. Ya ɗaga jingina, ya kara ta da mazauni. Suka zauna daram kamar ba a taɓa raba su ba. Ya fashe da dariya.

"Kai Ƙarfe! Ashe kai ma ɗan dabara ne."

"Me kuma?"

"Dubi yankanka. Duk a kan tsohuwar walda ka bi, gaɓa-gaɓa. Ko bututu ɗaya ba ka yanka a tsakiya ba. Wannan ai ba rushewa ba ce, kwancewa ce. Kafin shayina ya huce ka haɗa shi. Bakinka yana halleluya, hannunka yana cewa a dai ajiye ko za a buƙata." Ya share hawayen dariya. "Haɗa mana shi, mutumina. Titin nan ya mutu tun da Sarauniya ta daina fitowa. Ba mai zagina, har ƙiba na fara."

Baba Ƙarfe ya karɓi jinginar ya duba bakin yankan. Gaskiya ne. Tun yana saurayi aka koya masa ba a ɓata bututu mai kyau, in za ka raba aiki ka bi inda aka haɗa. Hannunsa ya yi abin da ya saba, bai shawarce shi ba. Ya ɗauki guntu na biyu, na uku. Duk haka.

Ya ajiye guntayen. Ga amsar da yake nema tun ranar da ƙafar ta ƙi amsawa. Ba Allah ne ya janye ba. Shi ne ya bar wa kansa ƙofar baya, a gaban jama'a, yana cewa ku shaida. Mutane sun ga tartsatsi, Allah kuwa ya ga inda aka yanka.

"Ba ni gudumar," in ji shi.

"Yawwa, ko kai fa."

Ya ɗora bututun jingina a kan maƙera ya sauke masa guduma. Ya sake. Bututun ya baje. Mai Faci ya miƙe tsaye.

"Kai! Me kake yi? Wasa nake, Ƙarfe! Don Allah wasa nake!"

Bai saurare shi ba. Ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya ya daddake su. Ya kunna inji ya yanka abin da ya rage gunduwa-gunduwa, a tsakiya, a karkace, yadda ko almajirin walda ba zai yi ba. Ya taka ƙafafun keken har suka lanƙwashe, wayoyinsu suka tsintsinke. Soson da Auta ta ɗinka ya jefa cikin kwata. Da mai sayen tsohon ƙarfe ya wuce da amalankensa, ya kira shi ya ce ya kwashe, kyauta.

Sannan ya durƙusa a tsakiyar shagon, gumi yana zuba, ya ce, "Ubangiji, ka gani. Babu sauran hanya. Yanzu sai kai."

Ya koma gida da sauri kamar yaro. Ya ɗaga Mama, ya ce ta tashi cikin sunan Yesu, ya faɗa da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ta yi ƙara, ba don ƙafar ba, don bayanta da ya goga a bakin gado. Gwiwar ta lanƙwashe. Da ya kwantar da ita ya ga zanin gadon ya jiƙe da wani abu da ba gumi ba.

Jan ya zama gyambo. Auta ta kawo nas daga asibitin unguwa ba tare da ta nemi izini ba, shi kuma bai hana ba. Nas ta wanke wurin ta rufe da auduga, ta nuna musu yadda za su riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe. Ɗakin ya ɗauki warin magani da wani wari a ƙarƙashinsa. Mama ta rage cin abinci. Ta rage magana, wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Wata rana da azahar ya dawo juya ta. Ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta, sai ta ce, "Dattijo, zauna."

Ya zauna a bakin gado.

"Mai sayar da iska ya aiko Auta da gaisuwa. Ya ce ka farfasa keken."

"Na farfasa."

"Keken wa?"

Ya gyara bakin zanin gado.

"Na ce keken wa ne? Kai ka ƙera, amma wa ke zama a ciki? Ranar nan ka tambayi jama'a su shaida. Ni ba ka tambaye ni ba."

"Kin tashi. Da idona na gani."

"Na tashi. Ni ma na ji a jikina, kuma na gode wa Allah, har yau ina gode masa. Ban san me ya sa ya ba ni na ɗanɗana ya mayar ba. In na je zan tambaye shi, ka san ba na jin kunyar tambaya." Ta tsaya ta huta. "Amma kai ka mai da ni filin kokawa tsakaninka da Allah. Kuna ja, ni ce a ƙasa."

"Bangaskiyata ce ta gaza. In ta cika…"

"Bangaskiyarka ta cika har ta zube mini a baya, ga ta nan nas tana wankewa. Ji nan, Baban Auta. Ƙafa wurin Allah nake roƙo, kullum, ban fasa ba. Keke kuwa wurinka nake roƙo. Kowa da abin da ke hannunsa. Ina so in ga titi. Ina so in ga mutane suna wucewa, ko da ba su gaishe ni ba. Na gaji da bangon nan, na san duk tsagar da ke jikinsa."

Ya juya ta a hankali ya gyara matashin kai. Ya fita.

Bai tafi shago kai tsaye ba. Ya bi ta coci. Babu kowa sai mai shara. Ya tsaya a inda Mama ta yi takun, ya daɗe yana kallon simintin. Ya so a ce masa wani abu, ko tsawa ce. Fanka tana juyawa, tsintsiya tana tafiya. Ya sa hularsa ya fito.

Mai Faci ya gan shi yana zaro sabon bututu daga rumfa. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya shiga cikin tarkacensa ya fito da ƙafafun keke, ya ajiye a bakin shagon, ya koma wurinsa. Mutanen da suka bi shi da waƙa ranar nan suna wucewa, suna ganin abin da yake haɗawa. Wasu suka kau da kai. Wata tsohuwa ta ce, "Ayya, Baba Dattijo." Wannan ayya ta fi masa guduma zafi. Ya sauke tabarau a kan idonsa ya ci gaba.

Aikin bai yi sauri ba. Idonsa ba kamar da ba, azumi kuma ya cinye masa ƙarfi. Ga juya Mama da yake komawa yi. Kuma shi ba ya aikin gaggawa, ko don wa. Ya goge kowace walda har ta yi sumul, ya shafa fenti, ya jira ya bushe, ya sake shafawa. Auta ta ɗinka sabon soso mai kauri biyu, ta ajiye a kan teburin shagon.

Ranar da ya turo shi gida ya tarar da nas a ɗaki tana wanke hannu. Ta dubi keken, ta dubi Auta, sannan ta ce Baba ya zo waje.

"Baba, aikin ya yi kyau. Amma ba za ta zauna a kai ba."

"An sa soso biyu."

"Ko goma ne. Gyambon ya yi zurfi, kuma daidai inda nauyinta zai sauka yake. In ta zauna zai ƙara buɗewa. Sai ya warke tukuna."

"Yaushe zai warke?"

Nas ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ba ta cin abinci, Baba. Jikin ba shi da abin da zai rufe shi da shi. Ku dai ci gaba da juya ta. Ku yi addu'a."

Ya tsaya a tsakar gida har ta fita. Auta ta wuce shi ta shiga kicin ta rufe ƙofa.

Ya shiga da keken. Ya wuce ƙofar ɗakin daidai, bai taɓa ko gefe ba, awon na nan a kansa. Mama tana kwance a gefen dama, fuskarta wajen ƙofa. Ta rame har zoben hannunta yana yawo. Ta daɗe tana kallon keken.

"Na ji abin da ta ce," in ji ta. "Bangon nan ba ya riƙe magana."

"Zai warke."

"To. Tura shi in gani."

Ya tura shi daga ƙofa zuwa taga, ya juyo da shi. Ya tafi sumul, ba ko motsin sauti.

"Ba ya kuka," in ji ta.

"Na sa mai."

"Kai dai ba ka jin magana." Ta lumshe ido. "Wa ke wucewa yau?"

Bai gane ba da farko. Sannan ya ja keken kusa da gado, ya zauna a cikinsa, don babu kujera a ɗakin. Ya yi masa ƙunci a ƙugu. Shi ba mai kallon mutane ba ne, bai san wa ke wucewa ba. Ya yi ta lalube. Ya ce direban nan ya wuce. Ta tambaya ko ya sha. Ya ce bai lura ba. Ya ce Mai Faci ya yi ƙiba. Gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa. Ya nemi wani abin faɗa ya rasa. Kafin ya samo, numfashinta ya canza, barci ya ɗauke ta.

Ya zauna yana kallon hannuwansa, duk tabon ƙuna. Ya saba in zai yi addu'a ya zo da wani abu, azumi ko alkawari ko abin da ya rushe. Ya duba, babu sauran abin da zai kawo.

"Ubangiji," in ji shi a hankali don kada ta farka, "ban san abin da zan ƙara yankawa ba. Ban san me kake so ba. Na bar maganar ƙafa. Ka rufe mata bayan nan ta ga titi. Ka taimake ta. Ni ka bar ni."

Ya jira. A waje wata mota ta wuce, wani yana buga ƙarfe a nesa. Hasken taga ya sauka daga bango zuwa ƙasa. Ba abin da ya canza a ɗakin.

Can Mama ta motsa, ta yi nishi, ba ta buɗe ido ba.

"Dattijo. Gefen nan ya gaji."

Ya tashi daga keken ya ture shi gefe. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya ƙarƙashin gwiwa, yadda nas ta nuna, ya juya ta a hankali. Fuskarta ta koma wajen bango.